Ta yaya ake gano asalin ƙwayar cutar tunjere?

Ka tambaya ko da gaske daga nahiyar Amurka tunjere ya fito, da yadda masana ke gane hakan. Annobar tunjere ta farko da tarihi ya rubuta ta ɓarke ne a birnin Napoli na Italiya a 1495, jim kaɗan bayan dawowar Kolombus, jagoran jiragen ruwan Turawa da suka isa nahiyar Amurka, shi ya sa aka daɗe ana zargin matuƙan jiragensa.

Duban ƙasusuwan mutanen dā kawai ba ya raba gardama, domin tabon da tunjere ke bari iri ɗaya ne da na 'yan'uwansa, cututtukan yaws da bejel (bejel ɗin ma har a yankin Sahel ana samunsa). Sai aka koma ga DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta. A 1998 aka karanta dukan ƙwayoyin halittar Treponema pallidum, ƙwayar da ke haddasa tunjere. Yanzu kuma ana huda tsohon ƙashi ko haƙori, a ɗebi ɗan gari, a tsamo guntayen DNA, a ƙirga sauye-sauyen da suka taru don ƙiyasta lokacin da zuriyoyin ƙwayar cutar suka rabu.

Binciken 2024 kan ƙasusuwan Meziko, Peru, Chile da Ajantina ya nuna dangin ƙwayar sun daɗe a Amurka kafin zuwan Turawa. A ganina wannan hujja ta fi ƙarfi.