Ku Tambaya Mu Amsa: Ina zan kai yara yawon buɗe ido a Damagaram?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, an yi ma maigidana afektasiyo daga Yamai zuwa nan Zinder, muna zaune Sabon Gari. To ga wakansi ta zo yara sun dame ni sai na kai su wajen shaƙatawa irin Mize Bubu Hama da suka saba zuwa can, ni kuma ban san gari ba, duk wanda na tambaya sai ya ce ai nan babu wani wajen zuwa. Da gaske ne? Ina son wuri mai tarihi wanda za su ƙaru. Wata uwa daga Sabon Gari.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, barka da zuwa Damagaram, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Wallahi wannan magana ta "babu wajen zuwa" tana yi mini ciwo, don mu ƴan gari mu ne ke faɗinta, mun saba da abinmu har mun daina ganinsa. Lambu mai shinge da zakuna irin na Yamai kam kada ki sa rai, amma ki ɗauki yaranki ki kai su Birni, tsohon gari, a ƙafa za ku zaga shi ba cikin mota ba.

Ku fita da sassafe kafin rana ta buɗe, ki sa a sauke ku ƙofar fada. Fadar nan tun wajajen 1850 take, kuma har gobe Sarki na cikinta, ba gidan kallo ba ne da aka kwashe mutane, saboda haka sai kin yi sallama wajen dogarai kin gaishe su kin faɗi abin da ya kawo ku, su za su ce maki inda ake shiga da inda ba a shiga, kuma kada yaro ya ɗaga waya zai yi hoto sai an ba shi izini. Ɗan na goro a hannu ba laifi ba ne. Nan ne za ki ba su labarin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu da ya rasu a 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, kuma a zamaninsa maƙeran garin nan da hannunsu suke zuba igwa, ayarin raƙuma na tasowa tun daga Tarabulus su sauka Zango kafin su wuce Kano. Unguwar Zango da kike ji asalinta ke nan, masaukin fatake ce.

Daga fada ku bi lungu. Ni abin da na fi so ke nan, kuma nan nake roƙon ki kada ki yi sauri. Ki tsayar da yara gaban zauren tsohon gida ɗaya su dube shi da kyau, zanen da magina suka yi da hannu tun laka na ɗanya, dagi da tsarkiya sun naɗe bakin ƙofa, zankaye a sama, ga ƙaton dutse gida ya jingina da shi kamar tare aka halicce su, awaki na kwance a inuwarsa. Ki bar su su taɓa bango su ji sanyin ginin ƙasa. Wasu gidajen damina ta cinye su, wasu an shafe da siminti, abin da ban tausayi, alhali tun 2006 unguwar nan ke cikin jerin wuraren da Nijar ta miƙa ma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'adu, don neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya.

In akwai ɗan koleji cikinsu zai gane sunan Kazmaju, kaftin ɗin Faransa da aka kashe a nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, shekarar da ta biyo, 1899, aka yi yaƙin Tirmini Nasara suka ci garin. Barikin da suka gina kan dutse na nan, amma wurin soja ne, a hango daga nesa kawai ban da hoto. Ki kuma faɗa masu Zinder ce babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, yaran Yamai da yawa ba su san haka ba.

Ki riƙe ruwa isasshe da takalmin tafiya, kuma in da hali ki samu dattijo ɗan unguwa ya rakaku, abin da zai faɗa ba ya cikin littafin lakwal. In kuma inuwar itatuwa da kore suke so, wata ranar ku je Mirya, wajen kilomita 18 ne daga nan, akwai lambuna da masu ginin tukwane, ranar Lahadi ce kasuwarta. Ki gaida maigida da yara.