Amsa ga Malam kan kujerar ɗan majalisar jiha: raba mazaɓa, kiranye, da inda ƙofa take a buɗe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Malam, na saurari tambayarka. Ka ce an haɗa ƙaramar hukumarku da maƙwabciyarta a kujerar majalisar jiha guda ɗaya, wanda ke kai kuma tun da aka rantsar da shi ba ku ƙara sa shi a ido ba. Kana tambaya ko za a iya raba mazaɓar kowa ya samu nasa, in kuma ba zai yiwu ba, ko za a yi masa kiranye. To bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, a yi mini haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Maganar rabawa tukuna. Sashe na 91 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su zama ninki uku ko huɗu na kujerun da jihar ke da su a majalisar wakilai ta tarayya, amma kada su gaza 24, kada kuma su wuce 40. Kano tana da 'yan majalisar wakilai 24. In ka ninka sau uku 72 ke nan, amma rufin 40 ya tare ta. Ƙananan hukumomi kuwa 44 ne. Shi ya sa aka haɗa takwas bibbiyu: Bagwai da Shanono, Rimin Gado da Tofa, Kura da Garun Malam, sai Tsanyawa da Kunci. Legas ma 40 gare ta, amma ita ƙananan hukumominta 20 ne, kowace kujera biyu. Ka ga bambancin. A Kano, duk takardar koken da za ku rubuta, ba wanda zai ƙirƙiro kujera ta 41 sai an gyara kundin, gyaran kuma sai majalisar tarayya ta amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su sa hannu.

Abin da ya rage shi ne sake shata iyaka cikin 40 ɗin nan. Aikin hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ne, kundin ya ce ta riƙa duba rabon, amma tsakanin dubawa da dubawa kada ya gaza shekara goma, ko kuma bayan an yi ƙidayar jama'a. Ƙidaya ta ƙarshe 2006 aka yi ta. Ko INEC ta shata ma, sai majalisar dattawa da ta wakilai sun amince, kuma ba zai fara aiki ba sai wa'adin majalisar da ke ci ya ƙare. Sannan in aka ƙara muku, to an rage wa wasu ke nan, su ma ba za su zauna su zuba ido ba. Ban ce a daina neman haƙƙi ba, wallahi haƙƙi ne, amma kada a ɗora wa matasa rai a kan abin da ba zai zo kafin zaɓe mai zuwa ba.

Kiranye kuma yana sashe na 110. Mataki uku ne. A tara sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar, ku lura, masu rajista, har da waɗanda ba su fito ranar zaɓe ba. A kai wa shugaban INEC. Hukumar ta sa rana a fito rumfa-rumfa a tantance sa hannun, kowa ya zo da katinsa ya ce e, ni ne. In an tsallake nan, sai ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90 da karɓar takardar. Inda abin ke mutuwa shi ne wurin tantancewa. Mazaɓa mai rajista 100,000 tana buƙatar sama da mutum 50,000, alhali a cikin rajistar akwai waɗanda suka rasu, da masu ci-rani a kudu, da matan da aure ya kai wani gari. An gwada wa Sanata Dino Melaye a Kogi, a 2018 aka zo tantancewa, mutane ba su fito ba, magana ta mutu a nan. Kuɗin da za a kashe a kiranye, a ganina gara a adana shi don abin da zan faɗa yanzu.

Kujerar majalisar jiha ba kamar ta gwamna ba ce. Ba ruwanta da sharaɗin samun kashi 25 cikin ɗari na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Wanda ya fi ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi ya ci. A haɗaɗɗiyar mazaɓa irin taku wannan na nufin ɓangaren da ya fi rajista yana iya riƙe kujerar har abada, in dai ƙaramin ɓangaren ya rarraba ƙuri'unsa ga 'yan takara uku ko huɗu. Maganinsa ana yin sa ne tun kafin zaɓen fid da gwani. Dattawan ɓangarorin biyu su zauna da shugabannin jam'iyya na mazaɓun kansiloli a yi yarjejeniyar karɓa-karɓa a rubuce. Doka ba ta san ta ba, kotu ba za ta tilasta ta ba, amma takardar da hakimai da limamai suka shaida tana da wuyar takewa a bainar jama'a. Mai son tsayawa kuma sharaɗin ba tsauri: ɗan ƙasa, shekara 25 tun gyaran 2018 da ya sauko da shi daga 30, karatu matakin sakandare, da jam'iyyar da za ta tsayar da shi. Babu ɗan takara mai zaman kansa.

Sai ranar zaɓe. Nan nake so a buɗe kunne sosai, don nan ake asarar kujerar da aka riga aka ci. A tsarin da aka yi zaɓen 18 ga Maris 2023 da shi, ana tantance mai ƙuri'a da na'urar BVAS, da yatsa ko da fuska. Bayan an ƙirga, baturen zaɓe ya cike takardar sakamako ta rumfa, wadda ake ce wa EC8A, ya rubuta da lamba da kalmomi, ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa a ba shi kwafinsa, a ɗauki hotonta a ɗora a IReV, wato shafin intanet na INEC na duba sakamako. Wakilinku kada ya ɗaga daga wurin sai kwafin nan yana aljihunsa. Kafin ya sa hannu kuma ya nemi a nuna masa adadin da ke fuskar na'urar, ya gwada shi da jimillar ƙuri'un da aka zazzage daga akwati. In na'ura ta ce 310, ƙuri'u suka zama 318, aringizo ke nan, za a soke rumfar baki ɗaya, har da ƙuri'unku na halal. Shi ya sa masu son ɓata zaɓe suka fi kai hari rumfar da suka san abokin hamayya ke da ƙarfi. Ƙuri'a takwas ta ɓata ɗari uku.

Daga nan ake samun inkwankulusif ɗin da Kanawa suka sani. In tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan katunan da aka karɓa a rumfunan da aka soke ba, ba a bayyana wanda ya ci, sai a sake a waɗannan rumfunan kaɗai. A ranar sakewa kuwa kuɗi da 'yan daba duk wuri ɗaya suke taruwa.

In ta kai ga kotu, kwana 21 ne daga ranar bayyana sakamako a shigar da ƙara, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke cikin kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. Shari'ar kujerar majalisar jiha a kotun ɗaukaka ƙara take tsayawa, ba ta zuwa kotun ƙoli. Kuma alƙali ba ya jin "kowa ya san mu muka ci". Takarda yake so, da shaidan da ya tsaya a rumfar da ƙafarsa.

Shi kuma wanda ke kai yanzu, kada ku jira 'yan shinkafar azumi. Kasafin da gwamna ke kashe kuɗin jiha da shi sai majalisa ta amince da shi, ba ya naɗa kwamishina sai ta tantance shi. Dole majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na zaman ba da uzuri ba kujerarsa na iya salwanta. Ku samo kasafin bana, ku fito da layukan da suka ambaci garuruwanku, asibiti ne ko hanya ko aji, da kuɗin da aka ware wa kowane. Ku rubuta masa takarda da sunan ƙungiya, a kai kwafi ofishin akawun majalisa a buga muku hatimin karɓa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen shekara, sa'ad da ma'aikatu ke zuwa kare kasafinsu gaban kwamitoci, don bayan gwamna ya sa hannu sai dai a jira ƙwarya-ƙwaryar kasafi.

Malam, wanda ke da kwafin kasafin a waya ya turo shi nan gurup, mu fara da shafin lafiya da na ayyuka. Wassalamu alaikum.