Kuɗin barbarar alfaka da sharaɗin "sai ta haihu"

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni mutumin Gusau ne, shekarata tara a Ingila ina aikin jinya. Shekara biyu ke nan da na haɗa jari da wani dattijon Bature mai gona muna kiwon alfaka, dabbar nan ta Kudancin Amurka mai dogon wuya da ake kiwo saboda gashinta. Muna da mata 11 da namiji ɗaya mai takardar asali. Namijin da tsada muka saye shi, kuma kasona a ciki kuɗin da nake tarawa ne don aikin Hajji. Masu mata suna kawo mana su ya yi musu barbara a kan fam 600 kowace ɗaya. Don kada mu cuci kowa, mun rubuta a yarjejeniya cewa za a biya tun farko, amma kuɗin bai zama namu ba sai macen ta haifi ɗa mai rai da ya kwana uku. In ba ta ɗauka ba, ko ta yi ɓari, a dawo da ita ko sau nawa ne kyauta, ko mu mayar da kuɗi. Muna kuma sayar da mata masu ciki, sun fi marasa ciki kuɗi. Wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce kuɗin barbara haram ne ko ta yaya aka yi, akwai hadisi a Buhari, kuma wai tunda alfaka dangin raƙumi ce zakkar raƙuma ta hau kaina. Malam, a warware mini.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a nema.

Kiwon wannan dabba, sayar da ita, aske gashinta a sayar, da cin namanta in an yanka, duk halal ne. Tsada saboda kyan asali ma ba laifi ba ce, ko a kara Balami ba ya tafiya da kuɗin Yankasa. Haɗin jari da wanda ba Musulmi ba ya halatta matuƙar idonka na kan cinikin da ake ƙullawa.

Zancen zakkar raƙuma kuwa babu shi. Gaskiya ne masana dabbobi sun sa alfaka gida ɗaya da raƙumi, amma Shari'a ta rataya zakkar dabbobi ne a kan abin da Larabawa ke kira raƙumi, saniya da tunkiya ko akuya, kuma babu Balaraben da zai ga wannan dabba mara tozo, da ba ta fi babban rago nauyi ba, wadda asalinta duwatsun ƙasar Peru ne, ya kira ta raƙumi. Saboda haka ba a layya da ita, ba a yanka ta ranar suna. Zakkarka tana kan kuɗi: abin da ya shigo na gashi da barbara da ciniki, in ya kai nisabi ya shekara, ka fitar da ɗaya bisa arba'in. Wadda kuka saya da niyyar sayarwa hajar kasuwanci ce.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne jimlar da ka rubuta kana ganin ita za ta wanke ka, wato "sai macen ta haifi ɗa mai rai". Ɗan'uwa, wannan sharaɗin shi ne ya ɓata cinikin, kuma a kansa mai halatta kuɗin barbara da mai haramta shi bakinsu ɗaya ne. Shehu Halil a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya lissafa shi cikin cinikayyar da aka hana: a ɗauki hayar namiji a kan sai mace ta ɗauki ciki. Ku kun ma wuce nan, kun kai shi har haihuwa da kwana uku. Ka fi ni sanin alfaka tana ɗaukar ciki wajen wata goma sha ɗaya da rabi, ɗa ɗaya take haifa, kuma cikin yakan zube tun yana ƙarami. To ranar da kuka sa hannu, wa ya san nawa ne aikin da aka saya? Wata sau ɗaya za a hau ta, an gama. Wata a kawo ta sau biyar. Wata ta mutu da cikin a hannun mai ita saboda sakacinsa, ku mayar da kuɗi alhali namijinku ya yi aikinsa. Kun sayar da abin da ba ya hannunku, domin kama ciki da rayuwar ɗa ba ku ke da su ba. Sannan fam 600 ɗin da ke zaune a asusunku shekara guda, ba a san ko lada ba ne ko rance. Malamanmu suna hana karɓar kuɗi da sharaɗi a kan irin wannan hali, inda kuɗin ke lilo tsakanin bashi da farashi.

Na san niyyarku adalci ce, na kuma san haka ake yi a wannan sana'a. Kyakkyawar niyya ba ta kawar da garari, wato rashin tabbas a ciniki.

Sai maganar ɗan'uwanku na masallaci, cewa haram ne ko ta yaya aka yi. Kada ka raina shi. Hadisin da ya ambata, na Ibn Umar, wanda a ciki aka yi hani a kan asbul fahli, wato barbarar namiji, ingantacce ne, akwai makamancinsa daga Jabir a Muslim, kuma mafi yawan Hanafawa da Shafi'awa da Hambalawa a kan haka suke. Kuskurensa shi ne kawo maganar kamar ba a taɓa saɓani a kanta ba. Mazhabar Imamu Malik ta halatta hayar namiji in an ƙayyade lokaci ko an ƙidaya hawa, an ruwaito halascin daga Hasanul Basari da Ibn Sirin, kuma Ibn Aƙil cikin Hambalawa ya karkata can. Wannan shi na rinjayar, ga dalilina.

Kalmar da ta zo a hadisin, asbul fahli, masana lugga sun fassara ta da ruwan namiji, da hawan kansa, da kuma ladan hawan. Tunda lafazin yana ɗaukar fuska fiye da ɗaya, dole a nemi abin da ya sa aka hana. Masu haramtawa da kansu, in ka tambaye su dalili, abu biyu suke faɗa: ba a san gwargwadon abin da aka saya ba, kuma ba a da ikon miƙa shi, tunda hawa yana hannun dabba, in ta ga dama. To in illar, wato dalilin hanin, ke nan, hukunci yana tafiya da illarsa. Wanda ya ce "ka biya ni har ta ɗauka" ya faɗa cikin duka biyun. Wanda ya ce "hawa uku, kowanne kaza, wanda bai auku ba babu kuɗinsa" ina jahilcin yake? Ka dubi yadda kuke yi a gonarku. Ana shigar da su ɗan shinge su biyu, macen ta gurfana kamar taguwa, namijin ya hau yana wannan gurnani nasa, a ɗauki minti goma sha biyar ko ashirin, mai ita yana tsaye ya jingina da ƙyaure yana duba agogo. Aiki ne da ake gani da ido, ake rubuta ranarsa. In namijin ya ƙi, ba a yi ba, ba a biya. Mai hayar jaki ma bai da tabbacin jakin zai tashi ranar, amma ba wanda ya hana hayar jaki saboda haka.

Sukan ce manufar mai biya ita ce ruwan, ruwa kuwa abu ne da ke ƙarewa, haya ba ta hawa sai kan amfani. Amsa ita ce mai shayarwa. Alƙur'ani a Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umarni a ba ta ladanta, alhali nono ne ake nufi, yana ƙarewa, ba a auna shi, ba a san ko zai karɓi yaron ba. An halatta saboda an ƙayyade lokaci kuma mutane suna bukata.

Sukan kuma ce wannan abu ne da ya kamata a bayar kyauta, har hadisi ya ƙidaya aron namiji cikin haƙƙin da ke kan mai dabbobi. Na yarda, kuma a ƙauyukanmu har gobe mutum yakan kora akuyarsa gidan maƙwabci mai bunsuru ba a ce ko sisi ba. Wanda ya yi haka ya fi lada. Amma falalar kyauta ba ta nufin haya haram ce, aron gida ma alheri ne, hayarsa kuma halal. Namijin da aka saya da dubban fam, ake biya masa likita da gwajin jini da rajista, in aka ce tilas sai kyauta, ba wanda zai ajiye shi, iri mai kyau ya yanke. Akwai kuma hadisin Anas a Tirmizi: wani mutumin Banu Kilab ya ce suna ba da namiji sai a yi musu ihsani, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi masa rangwame a kan ihsanin. Masu haramtawa suna kafa hujja da shi, tunda farkonsa hani ne. Ni abin da na gani a ciki shi ne kuɗin ba ƙazanta ba ne a kan kansa. Da irin kuɗin giya ne, da ko da sunan kyauta ba za a bar shi ya karɓa ba. Ashe matsalar tana ga yadda aka ƙulla.

Duk da haka, wanda zuciyarsa ta natsu da zahirin hadisi ya bar karɓa, ya yi tsantseni, ba a zarginsa. Kada ka mayar da wannan abin gardama a masallaci.

Gyaran takardarku ba wuya. Ku rubuta adadin hawa da kuɗin kowanne da wa'adinsa, misali hawa uku cikin wata biyu. Kuna da hanyar ganewa a hannu: bayan mako biyu a sake nuna mata namijin, in ta gurfana ba ta ɗauka ba, in ta tofa masa yawu ta guje, alama ce ta kama, daga baya hoton ciki ya tabbatar. In ta ɗauka a hawan farko, sauran yarjejeniya ta warware, haƙƙinku na abin da aka yi ne kawai. In kuna tsoron kuɗin shiga zai ragu, ku sa hawan farko fam 400, na biyu da na uku ɗari-ɗari, ba laifi tunda kowa ya sani tun farko. In daga baya ta yi ɓari kuka ga dama kuka sake mata kyauta, alheri ne, amma kada a rubuta, kada a yi alkawarinsa da baki lokacin ciniki. Yarjejeniyoyin da ke tafe ku sake su. Waɗanda suka wuce, haƙƙinku shi ne ladan kwatankwacin hawan da aka yi, in abin da kuka karɓa bai zarce haka ba, ka yi istigfari ka wuce.

Mace mai ciki, a wurinmu Malikawa ba a sayar da ita da sharaɗin ciki don ƙarin farashi, Shafi'awa sun halatta a matsayin siffa. Ku sayar da ita yadda take, ku nuna takardar hoton a matsayin labari, kada a yanka wa cikin kuɗinsa daban. Sayar da abin da ke ciki shi kaɗai haram ne ba saɓani.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma ya fi damuna. Wannan kasuwa ta taɓa kayar da mutane. An fara shigar da alfaka Amurka da yawa a 1984, aka rufe rajistar waɗanda ake shigowa da su a 1998, farashi ya yi ta hawa har mace ɗaya ta kai dubban daloli masu yawa. Wasu masana tattalin arzikin noma biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Debis, Tina Saitone da Richard Sexton, suka yi gargaɗin cewa kuɗin gashin ba ya ɗaukar wannan farashi, ribar tana fitowa ne daga sayar wa sababbin shiga. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 kasuwar ta faɗi, har wasu suka riƙa neman wanda zai karɓi dabbobin kyauta. Saboda haka in ɗan fansho ya zo da kuɗin sallamarsa, ka gaya masa gaskiyar abin da gashin dabba ɗaya ke kawowa a shekara da abin da take ci. Kada ka nuna takardar awon laushin gashi ta askin farko a kan dabba 'yar shekara shida, ka san gashi yana kauri da shekaru, wannan algus ne ko da takardar ta gaskiya ce. Aibin da ake gado, kamar karkacewar ƙafa ko muƙamuƙi, a faɗa. Sakamakon gwajin tarin fuka na shanu a faɗa. Kana ƙasar lokacin da hukumar Ingila ta kashe alfakar nan mai suna Geronimo a watan Agustan 2021 a kan wannan gwaji, ka san abin da dabba ɗaya ke jawo wa garke. A gwanjon intanet kuma kada ku sa wani ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba. Kuma kada ku sayar wa mutum da guda ɗaya tilo in ba shi da wasu, dabbar garke ce, kaɗaici yana cutar da ita.

Sai kuɗin Hajji. Ka ambace shi a tsakiyar magana kamar ba komai ba. In abin da ka tara ya riga ya isa kujera lokacin da ka zuba shi a kan namijin nan, kuma ba ka taɓa sauke farali ba, to Hajji ya hau kanka tun ranar, kuma maganar da ta fi ƙarfi ita ce ba a jinkirta shi ba da uzuri ba. Dabba ce, tana iya kwana lafiya ta tashi matacciya. Ka zauna da abokin haɗinka ku ƙimanta kasonka a namijin, ko ya sayi wani yanki, ko ka ware duk abin da ya shigo na barbarar bana a asusu daban da ba ka taɓawa, har ya cika kuɗin kujera.

Allah ne mafi sani.