Alamomin da ke jikin galan ɗin maganin feshi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hoton ƙoƙon kan mutum da ke jikin galan ɗin maganin ciyawar da ka saya a Gombe kamfani ne kawai ya ga dama ya zana. A'a wallahi. Tsari ne na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna GHS, wanda aka fara wallafawa a 2003, bayan masana sinadarai na ƙasashe sun shafe shekaru suna daidaita yadda ake rarraba sinadarai masu haɗari da yi musu alama. Alamomi tara ne. Ƙoƙon kai na nufin kaɗan ma ya isa kisa. Hannun da ruwa ke ɗiga a kansa kuwa, abin yana cin fata, yana makantar da ido.

Duba kuma zanen launi a gindin takardar da ke manne a jikin galan ɗin: ja shi ne mafi haɗari, sannan rawaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne galan ɗin da ya ƙare. A bara, wajen Dadin Kowa, na ga wata yarinya ta ɗebo ruwan sha a cikinsa, ƙoƙon kan na nan a jiki. Robar tana riƙe dafin ko an wanke da omo. Don Allah in naka ya ƙare, ka ɗauraye sau uku, ka huda gindinsa.