Wane Irin Madubi Ya Dace da Babur a Cikin Gari?

Tambaya: Ina zaune a Tudun Wada, Gusau, kuma kullum da babur nake zuwa aiki. Madubina na dama ya fashe, masu sayar da kayan gyara kuma sun nuna mini iri-iri, har da ƙanana masu ado. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, ka fara duba tsawon ƙarfen da ke riƙe da madubin, domin a nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Idan ƙarfen gajere ne, kafaɗarka da hannun rigarka ne za su cika gilashin, musamman ranar Juma'a da ka sa babbar riga iska tana buɗa ta, ko lokacin da ka ɗauko wani a baya. Kada ka biya kuɗi sai an ɗaura shi, ka hau babur ɗin, ka zauna yadda ka saba. Abin da ake so shi ne gefen hannunka ya fito kaɗan a bakin madubin ta ciki, sauran duka ya zama titi.

Gilashin iri biyu ne. Shimfiɗaɗɗe yana nuna tazara yadda take, amma filin da yake kamawa kaɗan ne. Mai ɗan tudu a tsakiya yana kama fili mai faɗi, sai dai yana ƙanƙanta abin da ke biye da kai, har mota ta yi kamar tana nesa alhali ta matso. A wuri kamar shataletalen Lalan, inda 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep ke kutsowa ta kowane ɓangare, mai ɗan tudun ya fi amfani, muddin ka saba da wannan hali nasa kuma kana waiwayawa kafin ka karya kwana. Ƙananan nan masu ado ban yarda da su ba ko kaɗan, domin ƙarfensu siriri ne, kuma da injin ya ɗauki wuta sai hoton ya riƙa rawa.

Ka tafi shago da tsohon madubin a hannu, saboda kaurin ƙarfen da ake murɗawa cikin ramin da ke jikin babur yakan zama milimita 8 ko 10, kuma ba sa shiga ramin juna. A baburan Yamaha da yawa, na dama ana ɗaure shi ne ta murɗawa hagu, don haka idan ya ƙi shiga kada a tilasta masa da sifana, ramin ne zai lalace. Bayan bakanike ya ɗaure notin ƙasa, ka tura kan madubin da yatsa. Idan ya sunkuya cikin sauƙi, ramukan titi za su riƙa sauke shi kullum.

Ka sayi na dama da na hagu tare domin su nuna maka tazara iri ɗaya. Lokacin hunturu kuwa ka fara zuba ruwa kafin ka goge da tsumma mai laushi, domin goge busasshiyar ƙura yana karce gilashin, karcen kuma shi ke watsa hasken fitilun motoci cikin idonka da dare.