Me ya sa ba a yaɓe tsofaffin gidajen gungume da siminti?

Tambaya: Malam, karatu nake a Amurka. Mun je kwarin Cades Cove da ke jihar Tenesi, na ga ɗakin John Oliver, ɗaya daga cikin Turawan farko da suka zauna a wurin, ginin shekarun 1820, gumagumai ne aka jera, tsakaninsu laka. Me zai hana hukuma ta toshe da siminti ta huta?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Da sun yi hakan, da sun jawo wa ɗakin nan ruɓewa.

Babban abokin gabar gungume danshi ne. Itace yana kumbura da damina, ya tsuke da rani. Yaɓen mutanen da, wato yumɓu da yashi da farar ƙasa, wani lokaci har da gashin dabba, yana bin itacen yadda ya motsa, kuma yana barin ruwa ya fita. Siminti kuwa ba ya lanƙwasa. Yana tsagewa, ruwan sama ya shiga ta bayansa ya kwanta, sai itacen ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa lafiya ƙalau. Duk wanda ya ga katangar ƙasa a Kano da aka shafe da siminti ta kumbura ta zube ya san wannan ciwo.

Shi ya sa masu gyara suke fara duba rufi da kuma gungumen ƙasa, wanda yake kan harsashin dutse. Shi ne yake fara lalacewa, gara ma ta nan take hawa. Mai aikin zai soka tsinken ƙarfe. In ya nutse kamar a cikin burodi, an san ya tafi. Sai a ɗaga ɗakin da jak a hankali, a yanke ruɓaɓɓen wurin kawai, a sa irin itacensa, a sassaƙe shi da gatari yadda sawun zai dace da na asali.

Samun irin itacen ma aiki ne. Gidaje da yawa a yankin Apalaciya, wato tsaunukan gabashin Amurka, an yi su da itacen chestnut na Amurka, wanda wata cuta da aka gano a New York a 1904 ta kusa ƙarar da shi. Yau sai dai a nemo daga rusasshen rumbu.

Ni dai abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sauya gumagumai barkatai. Ɗakin da ake nunawa a Hodgenville, Kentucky, a matsayin mahaifar tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln, binciken zoben itacensa, wato da'irorin cikin gungume da ke nuna shekarunsa, ya nuna an sare gumagumansa shekaru da dama bayan haihuwarsa a 1809, kuma hukumar da ke kula da wurin tana kiransa ɗakin alama ne kawai.