Tambayoyinku: Sutura da Iya Magana a Ofisoshin Legas

Assalamu alaikum Anti. Na samu aiki a wani kamfanin inshora a Victoria Island, ina zaune a Agege. An ce shigar ofis ake so daga Litinin zuwa Alhamis, Juma'a kuma kayan gida. Ni mai hijabi ce, kuma kafin in isa na jiƙe da gumi, kayana sun yamutse. Yaya zan yi? Daga ƙanwarku a Agege.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka a aikin. Ki fara gyara daga wajen zaɓen yadi. Iskar Legas tana ɗauke da danshin teku, shi ya sa gumi ba ya saurin bushewa kamar yadda yake yi a Kano ko Sakkwato. Yadin roba zalla yana riƙe gumin har ya yi tsami, auduga zalla kuma tana shan gumin amma zaman awa biyu a danfo (ƙaramar bas ɗin haya ta Legas) zai mayar da ita kamar an tauna. Ki nemi wanda audugarsa ta rinjayi robar. Idan kin shiga kasuwar Balogun, dunƙule gefen yadin a tafin hannunki, ki ƙirga goma, ki saki. In layukan suka zauna, bar musu kayansu. Sannan ki ɗaga shi ga haske: muddin kina hango yatsunki ta ciki, sai tela ya yi masa shafi.

Doguwar riga uku marasa zane (baƙa, shuɗiya mai duhu, ruwan toka), kwat biyu masu tsawon da ya sauka ƙasa da ƙugu, da mayafi biyar za su kai ki wata da watanni ba wanda ya ce kin maimaita. Doguwar riga mai dogon hannu tana cin yadi huɗu. Ki ce wa tela rigar ta tsaya a idon sawu, domin a Yuni da Yuli ruwa kwanciya yake yi a titi, rigar da ke sharar ƙasa kuwa da taɓo za ta shiga ofis.

Kwat ɗin ba na hanya ba ne. Ninke shi a jaka, ki fito da babban hijabinki da takalmi mara tsini, ki isa minti 15 kafin lokaci, ki shiga banɗaki ki sauya. Takalmin ofis ya riƙa kwana a durowarki. Mayafin ofis ya rufe ƙirji, da hular ciki ta auduga da fil biyu, don kada ki wuni kina jan sa gaba kina magana. Katin shaidarki ya fito saman mayafin.

Ranar Juma'a turmin atamfa mai yadi shida ya isa riga da siket da ɗankwali. Leshi mai duwatsu na gidan biki ne. Haka humra da turaren wuta: a ɗakin da aka rufe tagogi aka kunna na'urar sanyi, ƙamshin da ya yi miki daidai a gida zai iya tayar wa mai asma ciwonta. Ɗigo ɗaya a wuyan hannu ya wadatar.

In wani ya ce ki cire mayafin, ki roƙa cikin ladabi a ba ki umarnin a rubuce, ki kai sashen kula da ma'aikata. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare 'yancin addini. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2022 kan hijabi ya shafi ɗalibai mata ne a makarantun gwamnatin jihar Legas, don haka kada ki ɗauka shi kaɗai ya raba gardama a kamfani mai zaman kansa. Rikici irin wannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraronsa.

Hajiya, ba na musabaha da maza, amma duk baƙon da ya shigo sai ya miƙo hannu, in bar shi a tsaye cikin kunya. Daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba.

'Yar'uwa, ki riga shi. Tun yana taku uku daga gare ki, ɗora hannun dama a ƙirji, ki ɗan rusuna, ki yi murmushi, ki gaishe shi da sunansa. Yawancin mutane suna ganin haka za su fasa miƙowa. In ya riga ya miƙo, jimla ɗaya ta isa: ba kya musabaha saboda addini, kuma kin ji daɗin haɗuwa da shi. Nan take ki shiga maganar da ta kawo shi. Abin da ke ɓata lamarin shi ne zaɓe, a ga kin gaisa da babban manaja kin ƙi ɗan aike. Kuma ki cika gaisuwar baki sosai, domin Yarbawa ba sa wasa da ita, musamman ga wanda ya girme ki.

Anti, oga ya rubuta a rahoton ƙarshen shekara cewa ba ni da ƙarfin gwiwa, alhali ni nake yin rabin aikin sashenmu. A mitin in na faɗi abu ba a ji, sai wani ya maimaita a yaba masa. Daga wata mai karatu a Obalende.

Wannan wasiƙa ta taɓa mu, domin tarbiyya ce mai kyau ake yi mata gurguwar fahimta. A gida an koya miki sunkuyar da kai gaban babba, da sassauta murya, da cewa "to" ko "ba komai". Shi kuwa ogan da bai tashi cikin wannan ba, sunkuyar da kai yana gaya masa ba ki da tabbas, "to" kuma yana nufin kin karɓi aikin ko da ya fi ƙarfinki. Ba sai kin yar da kunyarki ba. Abubuwa kaɗan za ki sauya.

Kafin mitin, rubuta maki biyu ko uku a takarda. Ki yi magana cikin minti goma na farko, saboda duk daɗewar da kika yi shiru, bakin ƙara nauyi yake. Fara da sakamakon, ki bi shi da adadi, ki rufe da abin da kike so a yi: "Fayil 40 suka shigo, mun gama 32, takwas suna jiran sa hannun sashen kuɗi, ina so a ba mu amsa kafin Laraba." Ki bar buɗe magana da neman afuwa ko "wataƙila ban fahimta ba", domin kin rage wa zancenki daraja tun ba a ji shi ba. In kallon ƙwayar ido yana miki nauyi, kalli tsakanin girar wanda kike magana da shi, ba zai gane bambanci ba. In kuma ana kwaikwayon yadda kike furta P da F, rage sauri kawai, kada ki rage murya.

Idan wani ya ɗauke maganarki, ki karɓe ta a take ba tare da ɓata fuska ba: "Na gode da ka goyi bayan abin da na kawo ɗazu, bari in ƙarasa da alƙaluman." Bayan an tashi, a ranar, ki tura imel gajere ga duk wanda ya halarta: abin da aka yanke, wanda zai yi, da ranar gamawa. Bahaushe ya ce magana zarar bunu ce, to a ofis wadda aka rubuta ce kaɗai ake iya komawa a duba. Ki kuma buɗe fayil ki riƙa zuba ayyukan da kika kammala kowace Juma'a, shi za ki ajiye gaban oga ranar rahoto.

Ki ci gaba da faɗin "in sha Allah", amma ki haɗa ta da rana da lokaci, don wasu suna jin ta kamar hanyar zillewa. A WhatsApp na aiki kada ki tura sallama ki zauna jiran amsa kafin ki faɗi buƙata. Gaisuwa layi ɗaya, buƙatar a cikin saƙon guda, kuma a rubuce, domin saƙon murya na minti uku ba mai buɗe shi a tsakiyar mitin.

Yaya zan nemi lokacin sallah ba tare da an ce ina gudun aiki ba? Daga ƙanwarku a Ikeja.

Ki nema sau ɗaya, tun makon farko, da lissafinki a hannu. Azahar a Legas tana shiga ne dab da ƙarfe ɗaya, ta faɗa cikin hutun cin abinci. Saura La'asar wajen ƙarfe huɗu, minti goma har da alwala. Faɗa wa oga haka, ki ambaci wadda za ta riƙe miki waya, ki ajiye darduma da hijabin sallah da silifas a durowa, kuma ki goge ruwan da ya zuba a bakin famfo kafin ki fito.